Ƙaryar da ta yi ƴaƴa

Tun muna yara muke jin manya suna cewa ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Ni ma na sha faɗa wa ɗalibaina haka a shekarun da na yi ina koyar da tarihi, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko maganar tana da gyara ba. Abin da ya jawo mini wannan tambaya wani tsohon littafi ne na Faransanci a kan tarihin tsakiyar Turai, da na saya a Yamai wajen masu baza littattafai bakin titi, bangonsa a yage, shafukansa sun yi ja don ƙura. Cikinsa na tarar da labarin wata ƙarya da ta yi fure, ta yi ƴaƴa, har al'umma guda ta ci daga gare su kusan shekara 70, sa'an nan wasu malaman jami'a na wannan al'umma suka tashi suka sare itacen da hannunsu. Al'ummar ita ce Cekawa, mutanen da babban birninsu shi ne Firag. Daren da na ƙare karatun ban yi barcin kirki ba, zama labarin ya tono mini wani abu da na daɗe da binnewa. Amma bari in fara da nasu kafin in zo ga nawa.

A shekarar 1620, bisa wani tudu na bayan birnin Firag da ake kira Farin Dutse, rundunar sarkin gidan Habsburg ta karya manyan ƙasar Cek da suka yi masa tawaye. Bayan wannan yaƙi aka ƙwace dukiyar da yawa daga cikinsu, malamai da attajirai suka yi hijira, ikon ƙasa ya koma birnin Biyana na Ostiriya. Sannu a hankali Jamusanci ya zama harshen ofis da na masu hannu da shuni, harshen Cek kuwa ya koma bakin manoma da barori da ƴan tireda. Abin ya kai ga cewa lokacin da babban malaminsu Josef Dobrovsky ya wallafa nahawun harshen Cek a 1809, da Jamusanci ya rubuta shi, domin da shi ne masu ilimi ke karatu. Duk wanda ya yi lakwal a ƙasarmu, ya ga yadda ake barin harshen uwa a ƙofar aji kamar takalmi a ƙofar masallaci, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan hali.

A farkon ƙarni na 19 wasu masu ilimi suka ɗaura ɗamarar farfaɗo da harshen. Jagoransu Josef Jungmann ya fassara manyan littattafan Turai, daga baya ya fitar da ƙamus mai juzu'i 5 tsakanin 1834 da 1839, mai ɗauke da kalmomi wajen 120,000. Sai dai akwai abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. A Turai ta wancan zamani ana auna darajar al'umma da tsufan waƙoƙinta na jarumtaka. Jamusawa suna da tasu, Rashawa sun buga tasu a 1800, Sabiyawa sun fara buga waɗanda suka tattaro daga bakin mawaƙa a 1814. Cekawa suka duba rumbunsu, suka tarar da tsofaffin rubuce-rubucen addini da tarihin sarakuna, amma babu irin waƙar da za su ɗaga wa maƙwabta su ce ga shaidar cewa kakanninmu ma mazaje ne masu hikima tun kafin ku zo.

Ana nan, ran 16 ga Satumba 1817, wani saurayi mai suna Vaclav Hanka, almajirin Dobrovsky, ya ba da labarin cewa ya tsinci wasu takardun fata cikin wani ɗaki na hasumiyar majami'ar garin Dvur Kralove. Waƙoƙi 14 ne, aka ce rubutun ƙarni na 13: wasu na soyayya, wasu na yaƙi, ciki har da labarin jarumai biyu, Zaboj da Slavoj, da suka kori baƙin da suka mamaye ƙasa, da na wani Jaroslav da ya fatattaki mayaƙan Tatar kusa da Olomouc. Shekara ta zagayo, a 1818, wani wanda ya ɓoye sunansa ya aiko wa sabon gidan tarihi na Firag waɗansu takardun, da daga baya aka ce a fadar Zelena Hora, wato Koren Dutse, aka same su, kuma wai sun girmi na fari da ƙarni 3 ko 4. Cikinsu ga gimbiya Libushe zaune gaban majalisa tana raba gardamar gado tsakanin wa da ƙane bisa dokar ƙasa. Ma'anar a fili take: Cekawa suna da doka da majalisa da rubutu tun zamanin da ake cewa suna cikin duhu.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Aka fassara waƙoƙin cikin harsuna da dama, har Goethe, babban marubucin Jamus, ya ɗauki ɗaya ya sake ƙera ta da Jamusanci. Hanka ya zama mai kula da littattafan gidan tarihi, ya riƙe wannan aiki har rasuwarsa a 1861, aka yi masa jana'iza irin ta manya. Frantisek Palacky, masanin tarihin da Cekawa ke kira uban al'umma, ya kāre takardun a 1840 tare da abokinsa Safarik, ya kuma ɗora wani ɓangare na tarihin da ya rubuta a kansu, inda ya nuna cewa kakanninsu mutane ne masu mulki da shawara. Dobrovsky ne ya fito fili a 1824 ya ce takardun Koren Dutse jabu ne, aka ɗauke shi tsohon da zuciyarsa ta huce da kishin ƙasa. A 1858 wata jaridar Jamusanci ta Firag ta tayar da maganar, Hanka ya kai editanta kotu. Daga wannan lokaci gardamar ta fita daga hannun malamai: mai shakka ɗan koren Jamusawa ne, mai gaskatawa ɗan ƙasa na gari.

Yanzu mai karatu ya dubi ƴaƴan da wannan itace ya yi. Masu zane suka zana jaruman waƙoƙin, yaran makaranta suka haddace baitocin, masassaƙi Myslbek ya sassaƙa Zaboj da Slavoj da dutse, suna nan tsaye har yau a tudun Vysehrad na Firag. A 1868 aka aza harsashin gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da kuɗin da jama'a suka tara, aka buɗe shi a watan Yuni 1881 da wasan waƙa irin wanda Turawa ke kira opera, na Bedrich Smetana, mai suna Libushe, wanda aka gina a kan waccan shari'a ta gado. Ran 12 ga Agusta na wannan shekara gobara ta cinye gidan. Cikin kwana 47 jama'a suka sake tara gulden miliyan ɗaya, kuɗin daular na lokacin, aka sake buɗe shi ran 18 ga Nuwamba 1883 da wasan Libushe ɗin dai. Bisa dandalin an rubuta cewa al'umma ce ta gina wa kanta. In waɗannan ba ƴaƴa ba ne, ban san abin da za a kira su ba.

A 1882 aka raba jami'ar Firag biyu, ta Jamusanci da ta harshen Cek, aka kuma kirawo wani malamin falsafa daga Biyana, mai shekara 32, ɗan mai tuƙa keken doki, sunansa Tomas Masaryk. Ya kafa wata mujallar ilimi mai suna Athenaeum, kuma cikinta ne a watan Fabrairu 1886 masanin harshe Jan Gebauer ya nemi a sake awon takardun. Abin lura shi ne Gebauer da can mai kāre su ne. Aikin da ya daɗe yana yi na tattara nahawun tsohon harshen Cek ne ya kai shi inda bai so zuwa ba: ya tarar da sigogin kalmomi masu yawa da babu su cikin kowane rubutu na gaske na wancan zamani, kuma kurakuran sun yi daidai da irin fahimtar da Hanka da kansa ya yi wa tsohon harshen. An kuma gano jimlolin da suka yi kama da na littattafan da aka buga gab da 1817. Masanin tarihi Jaroslav Goll ya nuna cewa abubuwan da waƙoƙin ke bayarwa ba su jitu da sauran shaidun tarihi ba. Masaryk kuwa ya dubi tunanin jaruman da irin kishinsu, ya ce wannan zuciyar mutanen ƙarni na 19 ce aka sa wa rigar dā.

Gari ya ɗauki zafi. Babbar jaridar Cekawa ta lokacin, Narodni listy, ta buɗe musu wuta, mawaƙa da ƴan siyasa suka bi sahu, aka kira su maciya amana, aka ce Jamusawa ne suka saye su. Masaryk bai samu cikakkiyar kujerar farfesa ba sai 1897. Ni dai ban ga laifin talakan da ya fusata ba, domin mutumin da ya ba da ɗan abin da ya mallaka aka gina gidan wasa, ya ji ɗansa yana rera baitocin Zaboj, yaya zai ji in wani mai tabarau ya zo ya ce masa duk ƙage ne? Amsar Masaryk ita ce mutuncin al'umma yana ga neman gaskiya, kuma ya fi kyau Cekawa su tona wannan rami da kansu kafin abokan hamayya su tona musu shi a gaban duniya.

Da na sake nazarin shekarun, sai na lura da wani abu. A 1817 Cekawa ba su da komai sai bege. A 1886 suna da ƙamus, suna da bankin kansu da aka kafa a 1868, suna da jami'a da gidan wasa da jaridu da masana'antu. Takardun Hanka sun yi musu aikin sandar gurgu, sai dai ƙafar ta riga ta warke, kuma mai lafiyar da ya ƙi ya da sanda shi ke koya wa kansa ɗingishi. Wannan ne ma ya sa Masaryk, cikin littafinsa na 1895 a kan matsalar Cekawa, ya nace cewa ƙaramar al'umma ba ta tsira da kirarin kakanni, sai da ƙananan ayyuka na yau da kullum: makaranta mai kyau, sana'a mai inganci, riƙon amana. A 1899 ya sake jawo wa kansa baƙin jini da ya ƙaryata camfin da aka jingina wa wani Bayahude, Leopold Hilsner, na cewa ya yi kisa don tsafi da jini, har ɗalibai suka hana shi koyarwa da ihu. Mutumin nan da aka tsine wa sau biyu shi ne ya zama shugaban farko na Cekosulobakiya a 1918, ya riƙe mulki har 1935. Tutar shugaban ƙasar Cek har yanzu tana ɗauke da kalmomi biyu masu cewa gaskiya ke rinjaye.

Amma kada mu mai da shi waliyyi, zama su Cekawan ba su ƙyale shi ba. Josef Pekar, almajirin Goll, ya fito a 1912 ya ce shi ma Masaryk yana karanta tarihi yadda zuciyarsa ke so: ya ɗaure farfaɗowar ƙarni na 19 da gwagwarmayar Jan Hus, malamin addinin da aka ƙona a 1415, kamar igiya ɗaya ce ba ta tsinke ba, alhali kuwa da yawa daga cikin masu farfaɗo da harshen limaman Katolika ne, kuma daga Turai ta zamaninsu suka sha tunaninsu. Pekar ya ce kowane zamani a auna shi da mudunsa. Wannan gardama a kan ma'anar tarihin Cek ta ɗauki shekaru masu yawa, kuma a ganina ita ce babbar ribar abin da ya faru a 1886: da aka halatta tambaya sau ɗaya, babu wanda ya sake fin ƙarfinta, har wanda ya buɗe ƙofar.

Takardun kuwa ba a ƙona su ba. Suna ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Firag. Awon da ƙwararrun ɗakin binciken ƴan sanda suka yi musu a ƙarshen shekarun 1960 ya goyi bayan hukuncin Gebauer, ko da yake har yanzu akwai ƴan tsiraru masu kāre su. Hanka ya mutu bai amsa laifi ba, mafi yawan masana kuma shi da abokinsa Josef Linda suke nunawa da yatsa. Yau ana karanta waƙoƙin a matsayin adabin farkon ƙarni na 19, adabi mai kyau kuwa, kuma shaida ta gaske a kan ƙishirwar mutanen da suka rubuta su. Shekararsu aka gyara, sai suka koma faɗin gaskiya.

To, ga nawa labarin. Kimanin shekara 20 da suka wuce, ƙungiyarmu ta ƴan asalin gari ta yanke shawarar buga ɗan littafi a kan tarihin garinmu, don garin da ke maƙwabtaka da mu ya riga ya buga nasa. Ni aka ɗora wa rubutun, tunda ni ne mushen tarihi. Kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ya sayi kaye da alƙalamina har na gama lise, shi ne ya fito da wata takardar ajami daga cikin gafaka, ya ce gadon gidansu ce, an rubuta ta tun kafin jihadin 1804. Tana jera sarakunan garin, tana kuma cewa garinmu bai taɓa biyan lanho ga kowane sarki ba. Ina karanta wannan kalma gabana ya faɗi. Lanho kalmar Faransanci ce da bakin Bahaushe ya lanƙwasa, ba ta shigo mana ba sai bayan zuwan Nasara a 1899. Mutumin dā gandu zai ce, ko gaisuwa, ko kuɗin ƙasa. Na ɗaga kai na ga dattawa sun zuba mini ido, fuskar Kawu tana walƙiya. Na ce takarda ta yi kyau. Muka buga littafi 500, kuma da hannuna na musanya kalmar da haraji don kada wani ya lura.

Bayan shekaru wata yarinya ƴar garinmu ta rubuta wannan labari cikin jarrabawa, har da shekarar takardar, ta kuma ambaci littafina a matsayin hujja. Na daɗe riƙe da jan biro bisa takardarta. Daga ƙarshe na ba ta makinta cikakke, domin abin da malaminta ya koya mata ta faɗa. Wannan ne abin da littafin Yamai ya tono mini. Na gane cewa ni ba Hanka ba ne, tunda ban ƙaga komai ba, amma na ga abin da Gebauer ya gani, na kuma rufe bakina.

Da hutu ya zo na tafi gida, na iske Kawu a zaure bayan la'asar. Na daɗe ina kewaye-kewaye, har na ba shi labarin Cekawa tun daga hasumiya har gobara. Ya saurara yana jan tasbaha, sa'an nan ya yi murmushi ya ce: "Mushe, kana tsammani kai kaɗai ka san lanho na Nasara ne?" Na ce: "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, ashe ka sani?" Ya ce mahaifinsa ne ya sa wani malami ya rubuta ta, shekarar da kumandan ke zagaye yana tambayar tarihin garuruwa don ya san inda zai ajiye sarautar kanto. Sunayen sarakunan daga bakin tsofaffi aka ɗauko su, tsufan takardar ne aka ƙara. Ya ce: "Da takarda aka zo mana, ɗana, da takarda muka rama. In za ka gyara shekara ka gyara, amma kada ka rubuta cewa tsohona maƙaryaci ne."

Na yi masa alkawari, kuma ina ganin alkawarin bai saɓa wa aikin masanin tarihi ba. Takardar ba ta gaya mana komai a kan zamanin da ake jingina ta gare shi, amma tana gaya mana abu mai yawa a kan zamanin kumandan: yadda mutanen da aka ƙwace wa iko suka fahimci cewa Nasara ya fi yarda da tawada bisa ga bakin dattijo, suka yi masa magana da harshen da yake ji. Wannan babi ne na tarihin garinmu da ba mu taɓa rubutawa ba, kuma ya fi wanda muka buga daɗin karatu.

Kawu ya rasu da damanar da ta wuce, Allah ya jiƙansa. Na rubuta sabon shafin da zai shiga bugu na biyu, na mai da kalmar lanho inda na cire ta, na kuma bayyana cewa ni ne na cire ta. Na karanta wa mutum uku daga cikin shugabannin ƙungiya. Ɗaya ya yarda, ɗaya ya yi shiru, na ukun ya tambaye ni ko mutanen garin maƙwabta ne suka aiko ni. Babban taronmu yana nan tafe bayan girbi, kuma a can za a yanke. Yarinyar da na ba maki yanzu malama ce a wata lakwal ta karkara, ita ma tana koyar da tarihi. Kafin taron na aika mata da shafin, tare da wasiƙar da na daɗe ina bin kaina bashinta.